Badamasi Kwatabak Da Filin Juma'a

In dai ka zauna a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira cikin shekarar 2014, kuma kana jin Hausa, to ka san Badamasi, ko kana so ko ba ka so. Shi ne ɗalibin nan da ya zo Alƙahira karatun shekara huɗu, ya shekara tara yana aji uku, kullum kuma laifin malamai ne da ba su kai fahimtarsa ba. Babu abin da bai sani ba a duniya. Ka ce haƙori ke damunka, zai nuna maka wanda za a cire. Ka ce jirgin ƙasan metro ya makara, zai zana maka a ƙasa inda injiniyoyi suka yi kuskure. Siriri ne mai dogon wuya, a wuyan akwai igiya, a jikin igiyar akwai makulli, kuma ko wanka ba ya shiga sai da shi.

Makullin filin ƙwallo ne. Wani ɗan fili mai ƙura a bayan wata cibiyar matasa, zagaye da waya, wanda ɗaliban gida suka sha wuya kafin a ba su shekara shida da suka wuce: kowace Juma'a daga la'asar zuwa magariba nasu ne. Kada ka raina shi. A duk faɗin birnin nan, nan ne kaɗai ɗan Kano da ɗan Zinder da ɗan Yola za su buɗe murya su yi ihu da Hausa, ba mai leƙowa ta taga ya ce su yi shiru. Nan ake jin wanda aka haifa a gida da wanda ya rasu, nan ake karɓar saƙon yaji da kuka. Takardar filin kuwa sunan sakataren wasanni take ɗauke da shi, wato Badamasi, wanda ya ci zaɓe saboda ya yi jawabin sa'a biyu har mutane suka ɗaga hannu don a sallame su.

A bakin ƙofar filin akwai wata dattijuwa 'yar Sudan, Mahasin, mai sayar da shayi a kan ɗan teburi. Ba ta da yawan magana. Badamasi yakan yi mata Larabcinsa na littafi, irin wanda in ya yi wa kwandastan bas sai ya amsa masa da sadaƙallahul azim. In ya karɓi kofi kuma sai ya juyo wajen 'yan'uwa ya ce da Hausa, "Ku ga ruwan wanke-wanken tsohuwar nan, wai shayi." Ita dai sai ta yi ɗan tari a cikin mayafinta, ta ci gaba da fifita gawayi.

Wata Juma'a bayan ƙaramar salla, ana cikin ɗumama jiki, sai ga wani ƙato ya tsaya a bakin waya, riƙe da wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ya yi sallama da Larabci, ya ce sunansa Tarig, ɗan Mahasin ne, gadi yake yi a wani gidan motsa jiki a Mohandessin. Suna da 'yar ƙungiya, Misrawa da 'yan Sudan, suna koyon ƙwallon Amurka, sun rasa wurin atisaye. Ko za a taimaka a ba su rabin fili, ko sa'a ɗaya?

Badamasi ya dube shi sama da ƙasa, ya waiwayo ya ce da Hausa, "Jama'a, ku zo ku ga buhun masara, wai shi ɗan wasa. Wannan in ya faɗi ai sai an kira motar ɗaukar kaya."

Wasu suka yi dariya. Tarig ma ya yi murmushi.

Da abin ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma ƙwallon nan mai siffar gwanda ta tsone wa Badamasi ido, don bai taɓa ganin irinta ba, shi kuwa ya ƙi jinin a ce wani ya san abin da bai sani ba. Ya gyara murya ya ce da Larabci, "Wannan wasa ni na ƙoshi da shi tun ina Kaduna. Mu ba a roƙonmu fili. Nan da mako uku ku zo mu kara. In kun ci, ga makulli, Juma'a ta zama taku. In mun ci, kada in sake ganin ƙafarku a nan."

"Ya akhi, ba faɗa muka zo ba," in ji Tarig. "Rabi kawai muke nema."

"Ko duka ko babu."

"To mu yi irin wanda ake ɗaura ƙyalle a ƙugu, a fizge, ba kayarwa. Ba ku da sulke, kada a ji wa wani."

"Ƙyalle? Rawa za mu yi? Na kayarwa nake so!"

Tarig ya ɗaga kafaɗa ya ce tamam, suka tafa.

Hadi ne ya fara farfaɗowa. Shi ne abokin zaman Badamasi a shaƙƙa, wato gidan hayarsu, ɗan Katsina, mai sanyin hali, wanda Allah ya jarrabe shi da wannan zama shekara uku. Ya ce, "Malam Badamasi, filin jama'a ka ɗora a caca?"

"Wa ya ce caca? Musabaƙa ce. Babinta daban a fiƙihu, in kana halartar darasi."

"Ni ina halarta. Kai ne rabonka da aji tun kafin a canza shugaban ƙasa."

"Ka ji ka da hassada."

"Ka taɓa buga wasan nan?"

"Hadi, akwai abin da ake bugawa, akwai abin da ake fahimta. Ni fahimtarsa na yi."

Washegari ya tafi shagon intanet na kan layi ya nemo fahimtar. Ya samu wani faifai na minti shida, wasu Turawa uku cikin kwat suna hasashen kakar wasan da za a fara a watan Satumba. Ya kai minti huɗu aka ɗauke wuta, don a bazarar nan wutar Alƙahira sai ta ga dama take zama. Badamasi bai jira a dawo da ita ba. Ya ce sauran minti biyun maimaici ne.

Da la'asar ya tara mutane a teburin Mahasin, ya zaro takarda mai shafi huɗu, a samanta ya rubuta Hasashen Kaka Daga Alƙalamin Masani. Ya karanta musu cewa ƙungiyoyin ƙwararru talatin da biyu ne a Amurka, kuma bana duk wadda ta dogara da tsohon kwatabak ta shiga uku.

"Mene ne kwatabak?" in ji Rilwanu, wani gajere mai ƙiba ɗan Gusau, wanda shi ma a shaƙƙarsu yake.

"Mai jifa. Shi ne limamin wasan. Shi ke faɗin dabara, shi ke karɓar ƙwallo, shi ke jefa wa wanda ya ga dama. Sauran duk mamu ne."

Ya ci gaba. Ya ce zamani ne na matasa. Akwai wani yaro a wata ƙungiya ta garin sanyi, hannunsa da ƙarfi amma ƙafarsa ba natsuwa, in da zai same shi mako guda da ya gyara shi. Akwai wani a bakin teku, gudu kamar ɓarawo, amma ba kai. Daga nan ya jero matasan masu jifa biyar da za a sa wa ido bana. Huɗu Amurkawa ne. Na uku a jerin shi ne Badamasi na Ainu Shams.

"Me ya sa ba na ɗaya ba?" in ji Hadi.

"Tawali'u."

"Matasa fa ka ce. Shekarunka nawa?"

"Ashirin da shida."

"Tun zuwana ƙasar nan kake ashirin da shida."

Badamasi ya yi kamar bai ji ba, ya rage murya, abin da a wurinsa ke nufin ana jinsa daga ƙarshen layi kawai. Ya ce yanzu ga sirrin. A faifan ya ga kafin kowane jifa 'yan wasa kan haɗa kai su yi ƙus-ƙus don kada abokan karawa su ji dabara. "Ɓata lokaci! Mu Allah ya ba mu abin da Amurka ba ta da shi. Hausa! Zan tsaya a gaban hancinsu in faɗi dabara da ƙarfi, wane ya bi dama, wane ya bi hagu, suna kallo kamar shanu. Kafin su farga mun wuce. Wa zai ji? Bamisire? Ko waɗannan 'yan Sudan ɗin da ko sannu ba su sani ba?"

Tarin Mahasin ya tashi sosai a ranar, har sai da ta juya baya.

Aka fara atisaye a kan rufin bene, hawa na shida, da wata tsohuwar ƙwallo da Tarig da kansa ya ba su aro. Dokar farko da Badamasi ya kafa ita ce, daga an shiga wasa kwatabak kaɗai ke magana. Wanda ya buɗe baki, waje.

Rigimar farko a kan miƙa ƙwallo aka yi ta. Badamasi ya ce Rilwanu ya duƙa, ya buɗe ƙafa, shi kuma zai matso ta bayansa ya karɓa. Rilwanu ya miƙe tsaye ya ce, "A'uzu billahi! Ni ɗan malamai ne. In kana son ƙwallo ka ja baya taku biyar in wurgo maka, kuma kada ka kalle ni."

Aka yi haka. Wurgin farko ya sami Badamasi a maƙogwaro, ya yi minti biyu ba magana, wanda Hadi ya ce shi ne hutu mafi tsawo da ya samu a shekara uku.

Da ya warke sai aka zo jifa. Ya ce Gidaɗo, wani dogon Bafulatani ɗan Yola, ya ruga ƙarshen rufi ya juyo. Ya lashi yatsa ya gwada iska, ya ja baya, ya saki. Ƙwallo ta tafi tana kifi-kifi, ta bar Gidaɗo can gabas ta nufi kudu, ta tsallake katanga. A daidai lokacin Ummu Samar ta hawa na huɗu tana jawo kwandonta da igiya daga titi, mai wake ya zuba mata wake da zafi da burodi na karin kumallo. Ƙwallo ta faɗa cikin kwandon daram. Wake ya sauka a kan mai waken, da kekensa, da wani bawan Allah mai farar riga da ke kan hanyar zuwa aiki a unguwar Dokki.

Abin da Ummu Samar ta faɗa ba ya rubutuwa. Ta fara daga Badamasi ta gangara har kakanninsa, tagogi suka buɗe, maƙwabta na ƙara mata inda ta manta. Shi kuwa ya leƙo ya ce wa 'yan'uwa, "Kun gani? Kwando mai motsi, daga hawa shida. A Amurka mutum nawa za su iya wannan?"

Kwana uku bayan haka ya jefa ta cikin ɗakin tantabarun wani maƙwabci, tantabaru suka watse, biyu ba su dawo ba. Bayan nan ya karkatar da kwanon tauraron ɗan'adam na mai gadin bene ana tsakiyar wasan kwaikwayo. Mai gadi ya hau ya kulle ƙofar rufi, ya rantse in ya sake ganin gwandar nan zai yanka ta. Saura mako guda aka koma yin atisaye a falo, da matashin kai a madadin ƙwallo.

Saura sulke. Ranar Laraba Rilwanu ya dawo daga darasi ya tarar da katifarsa ta zama gunduwa goma sha huɗu.

"Badamasi! Katifata!"

"Kafaɗun ƙungiya dai. Ma'alish, yi haƙuri, tarihi zai ambace ka."

"Me ya hana ka yanka taka?"

"Kwatabak yana buƙatar barci."

Hular kwano guda ɗaya tak aka samu, aron wani mai kai saƙo a babur, gilashinta baƙi duk ya karce. Ba sai na gaya maka kan da ta hau ba. Sauran aka cusa musu soso cikin hula aka naɗe da rawani.

Ranar Juma'a fili ya cika. Ɗalibai sun zo har daga Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi, wasu saboda fili, wasu saboda an ce musu za a ga abin mamaki. Ummu Samar ta zo da kujerarta da ƙawayenta biyu, ta ce ko bikin 'yarta ne yau sai ta ɗage shi. Mai tantabaru ma ya zo. Mutanen Tarig suka shigo su bakwai cikin sulke na gaske, ba hayaniya. Mutanen Badamasi suka shigo su bakwai, kafaɗu sun kumbura ta ko'ina, gumi na tsiyaya daga soson katifa tun ba a fara ba. Wani Bamisire mai usur ya bayyana ƙa'ida: dama huɗu a ci taku goma, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida.

"Dama huɗu?" Hadi ya raɗa. "Ba ka gaya mana wannan ba."

"Yana cikin minti biyun. Yi shiru, an shiga wasa."

Badamasi ya sauke gilashin hular, duniya ta yi masa duhu, muryarsa ta toshe, don haka ya ƙara buɗe maƙogwaro.

"Gidaɗo! Bi dama, taku goma, ka juyo, kai zan jefa wa! Hadi, ruga hagu ka yi kamar kai ne! Yalla!"

Tarig ya taka a hankali zuwa dama, ya ƙirga taku goma, ya tsaya. Kuma ikon Allah, a karo na farko a rayuwarsa Badamasi ya yi jifa mai kyau. Ƙwallo ta tafi tsaf ta sauka a ƙirjin Tarig, ya rungume ta, ya yi sassarfa har ƙarshen fili. Shida da babu. Ummu Samar ta rangaɗa guɗa.

"Sa'a ce," in ji Badamasi. "Yanzu ku saurara! Zan yi kamar zan jefa, sai in noƙe in ruga ta hagu da kaina!"

Ya noƙe, ya ruga ta hagu. Mutum uku ya tarar suna jiransa, ɗaya har ya riƙe ƙugu. Ƙarar da aka ji, wasu sun ce ƙashi ne, amma soso ne ya fashe, gutsattsarinsa suka tashi sama. Aka jawo shi daga ƙasa, hular ta juya, gilashi ya koma ƙeya.

Duk da haka bakin bai mutu ba. "Ku bi ta gefen buhun masaran nan! Ba ya iya juyawa! Rilwanu, shiga tsakanin ƙafafunsa!"

Wannan karon Tarig da kansa ya zo. Bai ture Badamasi ba. Ɗaukarsa ya yi cak, da shi da ƙwallo, ya kwantar da shi a ƙasa kamar mai shimfiɗa jariri, ya ɗan buga masa kafaɗa. Hadi yana kusa, kuma kunnensa ya jiyo ƙaton ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, abin da ya yi kama da sannu.

"Malam Badamasi, tsaya, mutumin nan..."

"Kwatabak kaɗai!"

"Wallahi na ji ya..."

"Gargaɗi na ɗaya!"

Aka tafi hutun rabin lokaci talatin da babu. Badamasi ya cire hula, kansa na tururi, ya ce ya gano matsalar: akwai munafuki a cikinsu. Wani yana ba su alama. Ya lura duk sanda ya faɗi dabara Hadi yakan ɗaga gira.

"Mamaki ne ke ɗaga ta," in ji Hadi. "Ka bar ni in yi magana, filinmu ke tafiya!"

"Waje!"

Hadi ya fita, ya yar da soson, ya kama waya da hannu biyu ya kwarma ihu yadda kowa zai ji, "Suna jin Hausa! Jama'a, mutanen nan suna jin Hausa!"

Badamasi ya yi dariyar ƙeta, ya ce bari ya kunyata mahassada a bainar jama'a. Ya tako gaban Tarig ya nuna ƙasa ya ce, "Kai ƙato, igiyar takalminka ta kwance."

Tarig ko ƙifta ido bai yi ba.

"Kun gani? Ko a jikinsa! Mai jin Hausa ai da ya duba. Yalla, a koma!"

Aka koma. Ya shelanta cewa zai miƙa wa Rilwanu ya bi ta tsakiya. Aka tare tsakiya, Rilwanu ya ga abin da ke tafe ya mayar masa da ƙwallonsa ya kauce, Tarig ya sake kwantar da Badamasi. Sai ya duƙo, ya ɗaga gilashin hular da yatsa ɗaya, ya ce da Hausa tangaram, irin ta tsofaffi, "Malam Badamasi, takalmin nawa ba shi da igiya."

Kai! Ihun da ya tashi sai da tantabarun unguwa suka sake watsewa. Ɗalibai suna dariya suna salati a lokaci guda, don abin dariya ne amma filinsu ne. Ummu Samar tana ta jan rigar mutane a fassara mata.

Wani mai kunya da nan ya tsaya. Badamasi ya miƙe yana tangaɗi ya ce ai dama yana da dabara ta biyu. "Gidaɗo, daga yanzu da Fulatanci za a kira!"

"Ni kaɗai nake ji a cikinmu," in ji Gidaɗo.

"Shi ne sirrin ya ƙara ƙarfi. Faɗi inda za ka bi, ni zan gane daga yanayinka."

Gidaɗo ya ɗaga murya ya faɗi wani abu da Fulatanci. Daga layin abokan karawa wani dogo mai suna Ya'ƙub ya cire hularsa, fuskarsa ta washe, ya amsa da Fulatanci. Gidaɗo ya daskare. Sai ga su sun taho sun kama hannun juna, an shiga gaisuwa: ina gida, ina iyali, ina shanu, ina mutanen Adamawa. Wanda ya san gaisuwar Fulani ya san ba yanzu za a gama ba. Rilwanu kuwa ya riga ya wurgo ƙwallo. Badamasi ya tsaya da ita a hannu yana kiran Gidaɗo, mutum shida suna tafe. Ya juya ya zura da gudu, hula ta rufe masa ido, ya bi ta inda ba kowa, ya ji ba wanda ya taɓa shi, ya ƙetare layi ya daka tsalle yana kabbara. Ashe layin gidansu ne, ba na abokan karawa ba.

Mai usur ya duba agogo ya ce khalas, don Allah a bari haka.

Aka taru a tsakiyar fili. Badamasi ya yi ta laluben igiyar wuyansa kamar ta ɓace, sai da Hadi ya zo ya cire masa ita ta kai ya miƙa wa Tarig. Ba wanda ke dariya yanzu. Shekara shida ne suka tafi a hannu ɗaya.

Tarig ya juya makullin a tafinsa ya ce, "Kakana daga Haɗeja ya fito a ƙasa zai tafi Makka, ƙafa ta ƙare masa a Gadarif ta Sudan. A can an koya mana mu bar harshen nan a cikin gida, kada a ji mu da shi a waje. Inna ba don ciniki ta kafa teburi a nan ba, akwai inda ya fi nan ciniki. Don ta riƙa jin ku ne. Ni ma ranar da na zo, so na yi in an ba mu rabi in gaishe ku da Hausa. Ban kai ga buɗe baki ba na zama buhun masara."

Kunya ta kama kowa, har waɗanda ba su yi dariya ba a ranar. Badamasi ya buɗe baki zai kawo hujja, Rilwanu ya cusa masa guntun katifarsa a hannu ya ce ya riƙe wannan tukuna.

Juma'ar da ta biyo baya ƙafa ta kawo ɗalibai bakin waya, don ba su da wani wurin zuwa. Suka tsaya jugum suna kallon baƙi a filinsu. Can Tarig ya hango su, ya zo ya buɗe ƙofa ya ce, "'Yan'uwa, bismillah. Rabin can naku ne. Da ma shi muka nema."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai yana gaishe da Mahasin, "Sannu Inna, ina wuni Inna," ita kuma tana amsawa da sunan kowa, don duk ta san su. Badamasi ya taho a ƙarshe, yana ɗingishi, da sabuwar takarda a hannu mai shafi shida, Hasashen Zagaye Na Biyu. Ya sa ƙafa zai shiga, Tarig ya tare ƙofa da kafaɗa ɗaya, ya yi masa bayani da Larabcin littafi, a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi wa wanda ba ya ji: filin na 'yan wasa ne, masana sai daga waje. Ya ja ƙofa, ya murɗa makulli, ya rataya igiyar a wuyansa.

Badamasi ya tsaya a titi, hannunsa na shafa wuya inda babu komai. A ciki an fara ihu da Hausa, ana kiran a ba da ƙwallo, ba wanda ya waiwayo. Ya ja wani bulo ya zauna a gefen teburi.

Mahasin ta ɗauraye kofi, ta tsiyaya, ta miƙo masa.

"Ungo, ɗan nan," ta ce. "Ga ruwan wanke-wanken naka. A ƙara sukari?"